Takardar da Na Danne wa Baffa

Shekarar da aka cire Jigawa daga cikin jihar Kano, washegarin ranar da aka faɗi labarin, dattawan ƙauyenmu suka kewaye rediyon Baffa a ƙofar zaure tun da hantsi, ana ta musu. Wasu na cewa yanzu mun samu tamu, wasu na cewa ai daga ƙasar Roni Dutse ta fi Kano nisa, to wane samu ke nan. Damina ce, gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Ni ban tsaya jin musun ba, don ƙanena Sani, wanda ya zo hutu daga makarantar kwana, ya ja hannuna zuwa bayan rumbu, ya buɗe littafinsa ya zaro wata farar takarda mai layi-layi. Ya ce ita ce takardar zaɓen darussa. Ya gama aji uku, kuma duk mai shiga aji huɗu sai ya rubuta darussan da zai yi jarrabawar fita a kansu, mahaifinsa ya sa hannu. Ya riga ya cika tasa da fensir. Ya ɗora yatsa a kan layi uku na ƙarshe, ya karanta mini da Turanci, sannan ya fassara: zanen fasaha, aikin katako, aikin ƙarfe. Na kalli inda yatsan yake. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, kuma rubutun boko a idona bai wuce sawun kaji a kan rairayi ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni Auwalu, sai Sani da ke bina da shekara biyu. Sa'ad da dagaci ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko, Baba ya dube mu ya ba da Sani, saboda shi ne mai yawan ciwo, kuma ba a ga alamar zai iya riƙe garma ba. Ni aka bar wa shanu. Ban ji haushi ba a lokacin, har tausayin Sani na ji, ina ganin an raba shi da daji an kulle shi a ɗaki. Da sassafe nakan kwance shanun, in bi burtali da su har gindin duwatsu, da gorar fura a kafaɗa da 'yar wuƙata a ƙugu. Sauran yaran kiwo su yi ta langa da kokawa, ko su haƙa ramukan dara a ƙasa, ni kuwa in nemi inuwar gawo in zauna da kara.

Da kara na fara komai. In feƙe ɓawonsa siriri, in yanka totuwa gunduwa-gunduwa, in haɗa su da ƙaya, mota ta fito. Daga baya na gane murfin kwalba ya fi totuwa zama taya, kuma in an huda gwangwanin madara aka zura waya, ƙafafun gaba za su juya in an murɗa sanda daga sama. Na yi babbar mota mai bodin katako irin masu zuwa ɗaukar gyaɗa, na yi amalanke da shanunsa, na yi wani abu mai fukafukai da iska ke juyawa a kan dangarmu. Yara suka sa mini suna Injiniyan Kara. In saniya ta shiga gonar wani saboda na shagala, aka biyo ni da tsumagiya, sai su bi ni da waƙa suna cewa injiniya ya tuƙa shanu cikin dawa. Inna ba ta faɗin sunana don ni ne ɗan fari. In ta ga abin da na yi, sai ta juya shi a hannu ta ce wa Sani, “Wannan yayan naka hannunsa ya fi bakinsa magana.”

Abin da ya haɗa hannuna da karatun Sani shi ne ɓarar gyaɗa. Bayan kaka, Inna takan wuni a kan tabarma da ƙwarya biyu a gabanta, tana ɓare irin da za a ajiye da wanda za ta yi ƙuli-ƙuli, har fatar babban yatsanta ta tsage, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Wata rana na samu tsohon gwangwanin man gyaɗa, na fasa gindinsa da ƙusa layi-layi, na sa wani guntun icce mai ƙusoshi a ciki wanda ake kaɗawa gaba da baya. Gyaɗa kaɗan ta ɓaru, mafi yawa ta farfashe. Sani ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauko rula da fensir ya zana abin a takarda, ta gaba da ta gefe da ta sama, ya auna ƙwayar gyaɗa, ya ce ramukan sun yi ƙanƙanta kuma iccen ya matse gindin da yawa. Na gyara yadda ya ce, sai ɓarin ya ragu. Ranar na fara ganin cewa abin da ke cikin kaina ana iya kwantar da shi a takarda, wani ya duba ya ga kuskurensa tun ba a ɓata icce ba.

Sani ya tafi makaranta da zanen, malaminsu na fasaha, Malam Tijjani, ya gani ya tambayi wanda ya ƙera. Da aka ce masa makiyayi ne da bai taɓa shiga aji ba, ya ce a kawo shi. Ranar ziyarar ɗalibai na hau keken Baba na tafi hanyar Kazaure da gwangwanina a ɗaure a baya. Malam Tijjani ɗan siriri ne, mutumin birnin Kano, da fensir a maƙale a kunne kamar kafinta. Bai yi mini dariya ba. Ya kaɗa iccen, ya zuba gyaɗa, ya tambaye ni dalilin kowace ƙusa. Sannan ya ɗauko mabuɗi ya kai mu wani dogon ɗaki a bayan azuzuwa. Akwatuna huɗu ne manya na katako a ciki, an ɗaure su da langa-langa, ƙura ta kwanta a kansu. Ya ce injuna ne na yanka da fiƙa da huda, an kawo su shekaru da suka wuce, ba a taɓa buɗewa ba, domin ba a taɓa samun isassun yara da suka zaɓi ɓangaren ba. Shugaban makaranta ya yi masa alkawari, in ya tara yara goma za a buɗe ajin, a fasa akwatunan, a nemo injin wuta. Ya samu tara. Ya dafa kan Sani ya ce ga na goma. Ni kuma ya ce in an buɗe, in riƙa zuwa duk Asabar, ba mai hana ni tsayawa a gefen teburin ƙanena, kuma shi da kansa zai koya mini karanta awo.

Na dawo gida, don murna ban san inda na bi ba. To amma a gidanmu takarda ba ta wuce Baffa. Shi ne yayan Baba, shi ke rubuta wa dagaci wasiƙu, shi kaɗai ne babba mai karatun boko a zuri'armu. Baba ko takardar asibiti aka ba shi, sai ya kai wa Baffa ya tsuguna ya ji abin da ta ce. Da yamma ranar musun rediyo, Baba ya kira mu muka je zaure, Sani ya miƙa takardar da hannu biyu. Baffa ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya cire, ya tambayi Sani ko sassaƙa da ƙira aka kai shi koya. Sani ya sunkuyar da kai ya ce ba irin wannan ba ne, Baffa, zane ne da lissafi, daga nan ake zama injiniya. Baffa ya ce ya ji, amma ana riƙe zarto ko ba a riƙewa, ana dukan ƙarfe ko ba a duka. Sani ya ce ana yi.

“To mu a gidan nan ba mu gaji gizago ba, ba mu gaji uwar maƙera ba,” in ji Baffa. “Masu wannan sana'a suna nan a unguwarsu, muna mutunci da su, amma kowa da abin da ya tarar. Shekara tara muna jiran akawu, sai a kawo mana mai zuga-zugi?”

Baba ya yi ta murza gemunsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne yaran suna so, Yaya, a duba. Baffa ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce zai duba.

Kwana biyar takardar na aljihunsa. A cikin kwanakin zazzaɓin damina ya kwantar da Sani, yana rawar sanyi da rana tsaka, Inna na dafa masa ganyen darbejiya. Ranar Litinin ce ƙarshen karɓar takardu. Ranar da safe, bayan na tatsi shanu, Baffa ya aiko a kira ni da Baba. Muka same shi a bakin zaure, ya ɗora allo a gwiwa, takardar na kai. Fuskarsa a sake. Ya ce ya yi tunani, zai sa a kai takardar, sai dai fensir abin yara ne, yana gogewa a hanya, bari a mayar da shi biro. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, iska na ɗaga gefen takardar, sai ya ce, “Auwalu, danne mini nan.” Na durƙusa na sa tafin hannuna biyu na danne. Ya goge rubutun Sani layi bayan layi, yana hure garin robar, ya sake rubutawa da biro da kyakkyawan hannunsa. Ina kallon bakin biron yana tafiya, ƙasa da taƙi ɗaya daga yatsuna. Na lura layi ukun ƙarshe sun fi na Sani gajarta, na ce a raina hannun manya ne, ba ya ɓata wuri. Ya shafa tawada a babban yatsan Baba ya nuna masa inda zai dangwala. Na yi godiya har goshina ya kusa taɓa ƙasa.

Na naɗe takardar a leda, na ɗaure a cikina ƙarƙashin riga, na jawo keke. Har na sa ƙafa a feda sai na ji muryar Sani daga cikin gida, a raunane, yana cewa, “Yaya, kawo in gani.” Tsakanina da ɗakin da yake kwance bai fi taku ashirin ba. Amma Baffa na zaune a bakin zaure, kuma ba wata hanyar shiga gida sai ta gabansa. In na koma da takardar, ma'anarsa na kai wa yaro aikin babba ya duba ko an yi daidai. A yadda aka tarbiyyantar da mu, gara a ce ka yi sata da a ce ka yi wannan. Na dubi Baffa, yana rufe bironsa, bai ko ɗago ba. Na ɗaga murya na ce wa Sani ya kwantar da hankalinsa, an gama komai, hadari ne ke tafe. Na taka keke na tafi.

Ruwa ya same ni a hanya. Na fake a rumfar wani mai faci, na juya wa iska baya, na dunƙule kamar mai ciwon ciki don kada ɗigo ɗaya ya taɓa ledar. Inda rafi ya cika na saɓa keken a kafaɗa na ratsa. Na isa makaranta bayan azahar jikina sharkaf, takardar kuwa a bushe ƙamas, har ina alfahari da hakan. Na tambayi Malam Tijjani aka ce ya tafi Kano, domin ana maganar raba ma'aikata tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa. Akawun ofis ya karɓa, ya duba, ya jefa a kan ɗaya daga cikin tarin takardu uku da ke tebur, ya ce shi ke nan. Da na tambaye shi ko sun cika goma, ya ce shi ba ya ƙirga, karɓa kawai yake yi.

Mako uku da suka biyo baya ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Sani ya warke. Muka yi ta shirin yadda za a yi injin ɓarar gyaɗa na gaske, na ƙarfe, mai hannu da ake juyawa. Na roƙi wani abokina ya riƙa karɓar mini kiwo ranar Asabar, ni in karɓar masa Juma'a. Na wanke rigar sallata na ajiye. Sani ya koma makaranta ranar Lahadi, na raka shi har bakin titi da akwatinsa a kaina.

Ranar Alhamis ina yankan harawa a gonar bayan gari sai na hango shi yana tahowa a ƙasa, da kayan makaranta a jikinsa, ba hutu ba, ba komai ba. Ya tsaya a bakin gona. Ya ce an kafe sunaye, nasa yana ajin masu tarihi da sanin mulki. Ya je ofis ya ce kuskure ne, aka ɗauko masa takardarsa ya gani. Bai ɗaga murya ba.

“Yaya, a gabanka aka rubuta?”

“A gabana.”

“Kana ina?”

“Ni na danne masa takardar.”

Ya dube ni, ya dubi hannuwana da lauje a ciki, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rigarsa. Na tsaya a kansa. Na so ya zage ni, bai zaga ba.

Washegari na mayar da shi a keke, muka nemi Malam Tijjani. Mun same shi a gidan malamai yana ɗaure littattafai da igiya. Ya ce da ya dawo ya tarar tara ne, ya roƙi shugaban makaranta a buɗe da taran, aka ce ba zai yiwu ba, an riga an aika sunaye, taran ma an rarraba su sauran azuzuwa. Shi kuma tun da ba ajin da zai riƙe, ya sa sunansa cikin masu komawa Kano. Na ce ranka ya daɗe, laifina ne, ni na kawo ta. Ya ce ba laifina ba ne, an ba ni na kawo. Ya tambaya ko ban nuna wa Sani ba kafin in taho, na ce ya nema, ban kai masa ba. Ya ci gaba da ɗaurinsa.

A gida ba a yi rigima ba. Baba ya je zaure ya zauna ya daɗe, ya fito, kuma har ya rasu ban ji ya tayar da maganar ba. Baffa bai ɓoye ba, bai kuma ga abin ba da haƙuri ba. Cewa ya yi yaro ba ya zaɓa wa kansa hanya alhali manyansa na raye, wata rana za mu gode masa. Har a ciwon ajalinsa, ina juya shi a shimfiɗa, ya riƙe hannuna ya ce shi dai ya tsare mana mutuncin gida. Na ce Allah ya saka da alheri, Baffa. Da gaske yake, na sani, kuma wannan ne ya hana ni samun wanda zan riƙe a zuciya in ban da kaina.

Sani ya zauna a ajin shekara ɗaya da rabi. Sakamakonsa ya yi ta sauka, daga baya ya bar makarantar bai yi jarrabawar fita ba. Ya tafi Babura wurin wani dillalin hatsi, yana nan har yau, yana auna gero yana hulɗa da mutanen Nijar, yana da iyali da rufin asiri. Muna zumunci, yana zuwa suna da biki da ta'aziyya, yana durƙusawa ya gaishe ni yadda ya kamata. Amma tun daga ranar gonar nan bai sake jan hannuna zuwa wani lungu ya ce in zo in ga wani abu ba. Ni ma na daina taɓa kara. Gwangwanin gyaɗar ban san inda ya ƙare ba.

Yanzu zamani ya juya. Jikan Baffa na cikinsa mai walda ne a Kazaure, yana ƙera ƙofofi da tagogi, shi ya gyara zauren kakansa, kuma ba wanda ya ce ya zubar da mutuncin kowa. Yara na zaɓar darasin zane da ƙere-ƙere iyayensu na murna. Ni kuma shekara huɗu ke nan ina zuwa ajin manya bayan la'asar, ina zama a bencin da jikokina ke zama da safe. Na fara ne ranar da 'yata ta kawo mini irin wannan takarda ta ce in dangwala, na ji hannuna ya ƙi. A hankali nake karatu, a hankali nake rubutu, wannan ma ya ɗauke ni makonni, amma ba na gaggawa.

Wani lokaci in na dawo daga aji nakan zauna in ƙirga abin da safiyar nan ta ci. Yara goma ba su shiga ajin da suka so ba, tara daga cikinsu ban ma san sunansu ba. Malami ɗaya ya tafi, ba a turo wani ba. Akwati huɗu, an ce mini gara ta cinye katakon, ƙarfen ya yi tsatsa a inda yake. Asabar ɗin shekara uku, ban ga ko ɗaya ba. Sai ƙane ɗaya, yana raye, tafiyar awa biyu tsakaninmu. Duk wannan a kan taku ashirin da na ji kunyar yi.